Ƙusa a Gurbin Fiyus

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan ƙasar Bagudo. Ba zan faɗi sunansa ba, don bai kai in ɓata bakina da shi a masallaci ba. Mahaifinsa ya rasu ya bar fadamar shinkafa a bakin Kwara, da tsohuwa mai suna Mero, uwar mutumin, da marayu uku 'ya'yan ƙanensa. Shi ne babba, sai aka damƙa masa mabuɗin siton gida. A siton nan ake jibge shinkafar da gidan zai ci har wata kaka.

Wata shekara ya sayar da shanun noma, ya tsallaka iyaka ta Tsamiya, ya nufi Kwatano. Me ya dawo da shi? Wata jar mota, tsohuwa tukuf, ta girme shi. Kujera biyu rak. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta kai marar lafiya asibiti, cikinta na jan ƙasa a kowane rami. Amma rufinta na tamfol ne, idan an danna maɓalli sai ya naɗe kansa ya kwanta a baya. Rufin nan ya saya, jama'a, ba mota ba. Yana so ya ratsa kasuwa kansa a waje, hula a karkace, a riƙa nuna shi da baki.

Ba a yi wata guda ba ta fara nuna tsufanta. Fitila ta kama yau, ta ƙi gobe. Ran nan a tsakiyar tasha ya danna maɓalli, rufin ya taso rabi ya tsaya cak, baki buɗe kamar jaki mai kuka. 'Yan acaba suka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ya kai ta wurin Arzika, mai gyaran wayar mota, dattijon da ya yi shekara talatin yana wannan aiki. Arzika ya buɗe akwatin fiyus ya ga ɗaya ya ƙone. Ya sa sabo, ya ƙone nan take. Ya sake sa wani, shi ma haka. Sai ya ajiye kayan aiki ya yi masa bayani. Ya ce akwai wayar da ta goge a inda rufin yake lanƙwasa, tana taɓa ƙarfe, kuma wuta na bin ta ko an kashe mota. Ya ce a bar masa ita kwana uku, ya cire kan batir, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Wanga fiyus ba shi ƙonewa banza," in ji Arzika. "Yana ƙonewa ne don kada motar ta ƙone."

Kun san abin da gogan naku ya mayar masa? Ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Kai da ka tsufa ƙarƙashin akori-kura, mi ka sani ga motar Turai?"

Kwana uku ba a gan shi a kasuwa ba? Ina! Ya tsinci ƙusa a ƙasa, ya yanke ta daidai tsawon fiyus, ya cusa a gurbin. Ya danna maɓalli, rufi ya sauka sumul. Ya ɗaga shi, ya sake saukewa, yana kallon idon dattijo. Arzika ya roƙe shi ko kan batir ne ya riƙa cirewa idan ya ajiye ta. Gogan naku ya buɗe shi da ƙura ya tafi.

Kwana biyu yana yawo, warin ƙonanniyar roba na bin sa, yana cewa ai ƙamshin motar manya ke nan. A lokacin an gama girbin rani, sito cike yake da buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a surfa ba. Mutumin nan ya sa aka matsa buhunan jikin bango, ya shigar da motar tsakiyarsu, wai kada rana ta cinye mata fenti, kada awaki su hau rufin. Ya ja ƙofar ƙarfe, ya garƙama kwaɗo.

Da hantsi Mero ta ce ya ba ta mabuɗi ta ɗebi shinkafar da za a surfa. Ya ce a'a, mata za su karce masa mota da kwanoni, su jira yamma. Uwarsa fa, wadda ta goya shi. Ya jefa mabuɗin a aljihu, ya hau bayan babur ɗin abokinsa suka tafi Kurgu, inda ya zauna a majalisa yana ba da labarin yadda ya koya wa Arzika aiki da ƙusa ɗaya.

Ana kiran azahar hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar sito. Maƙwabta suka taru da bokitai. Ina mabuɗi? Yana Kurgu, a aljihun mai mota. Aka buga masa waya sau uku bai ɗauka ba, yana tsakiyar labari. Kafin a samo guduma a fasa kwaɗon, wuta ta kai tankin mai. Arzika na cikin masu jigilar ruwa, har gemunsa ya babbake.

Ko buhu ɗaya bai fita ba. Da la'asar mutumin ya iso ya tarar da ƙwarangwal ɗin mota a kan tudun toka, uwarsa a durƙushe da faifai tana tsince ƙonanniyar shinkafa, marayun na tsaye a bayanta. Ba ta zage shi ba. Ta ɗago kai ta ce, "Da ka ba ni mabuɗin da safe, da yaran ga sun samu na yau."

Arzika ya tona tokar wajen akwatin fiyus, ya ciro ƙusar. Ta yi baƙi, amma ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ya sa masa a tafin hannu ya wuce.

A daminar nan babu shanu, babu iri, babu abinci. Aka raba marayun gidajen dangi, Mero ta koma wurin ƙanenta a Dole Kaina. Shi kuwa kunya ta kore shi. Masu zuwa Malanbil ta ƙasar Benin sun ce suna ganinsa yana dakon albasa, kansa a waje cikin rana, yadda dai yake so.

Ya 'yan uwa, wayar da ta goge ba ita ce zunubin ba, kowace tsohuwar mota tana da irinta. Zunubin shi ne girman kai: a gaya maka gaskiya ka ƙi, ka kuma raina wanda ya faɗa. Allah ya sa wa kowannenmu mai tsayar da shi, uwa ce, malami ne, ko mai sana'ar da ya fi ka sanin aikinsa. Wa ka toshe wa baki a makon nan don al'amarinka ya tafi sumul? Kuma abincin wa ke jibge a gefenka lokacin da ka yi hakan?

Allah ya raba mu da girman kai, ya ba mu kunnen jin nasiha tun kafin hayaƙi ya tashi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye amanar da ke hannunmu. Amin.