Mitar Ɗantani Mai Maganaɗisu Biyu

Akwai wani ɗan kabu-kabu a Shinkafi, Ɗantani, wanda bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu nesa ba kusa ba.

Wata ranar kasuwa ya sayo mitar zamani mai auna gudu da nisan tafiya, irin mai hasken nan da ke nuna lamba kamar fuskar waya. Ya kai wa Armiya'u makanike. Armiya'u ya ɗaure mitar a kan kan babur, ya ja waya zuwa ƙafar gaba, ya manna ɗan maganaɗisu guda a jikin taya.

"Duk zagayen da taya ta yi, wannan ɗan abin ka wucewa sau ɗaya, mita ta ƙirga," in ji Armiya'u. "Na biyun da ke cikin leda ajiya ne. Kada ka sa shi."

Ɗantani ya ce to. Yana isa gida ya manna na biyun a ɗaya gefen. A ganinsa, abin da ɗaya ya iya, biyu sun fi iyawa.

Jama'a, daga ranar babur ya zama jirgi. Yana tafiyar da akuya za ta iya rakiya, mita na cewa tamanin. Mai kuma sai albarka: lita ɗaya, in ji mita, tana kai shi kilomita tamanin.

Kun san al'adar masu babur: kafin doguwar tafiya a buɗe tanki, a girgiza, a kasa kunne. Ɗantani ya daina. Ya ce wannan aikin mutanen da ne.

Ran nan da la'asar kububuwa ta sari matarsa Asiya a gonar wake. A asibitin kusa aka ce maganin ya ƙare, sai Ƙaura Namoda, tafiyar kilomita wajen sittin. Aka ɗora ta a tsakiya, yayarsa Karima ta zauna a baya ta riƙe ta.

A bakin gari suka wuce Bawa mai sayar da fetur a kwalba. Bawa ya tare su, ya girgiza tankin da hannu ɗaya.

"Ɗantani, wanga mai ba ya kai ka Ƙaura. Tsaya in juye maka kwalba biyu."

"Kauce mini, Bawa! Lita guda na ciki. Kai kunne gare ka, ni na'ura gare ni."

Ya ja babur.

Sun yi nisa, rana ta fara ja. Motoci sun ɗauke ƙafa, don hanyar ba wadda ake so magariba ta riski mutum a kanta ba ce. Ƙafar Asiya ta kumbura, dasashinta ya fara fitar da jini.

"Mun kusa?" in ji Karima.

Ɗantani ya duba mita. "Sittin cif. Mun ma iso."

"Mun iso ina? To ina Ƙaurar? Ni dai geza nake gani da ƙaya."

Ɗantani ya ƙara wuta. Can gaba kaɗan babur ya yi tari, ya sake yi, ya mutu.

Ya kwantar da shi a gefe don ɗigon da ya rage ya gangaro. Ya hura tanki da baki har idonsa ya yi ja. Babur ya tashi, ya yi taku kaɗan, ya sake mutuwa. Waya ba sabis. Asiya ta daina nishi, sai numfashi sama-sama.

"Asiya, buɗe ido! Yi mini magana!"

Sai ga ƙarar babur daga baya, a guje, ba fitila.

Karima ta fara salati. Ta ja Asiya bayan wata geza ta rufe ta da mayafi. Ɗantani ya tsaya a tsakiyar hanya. Mai bakin nan yau ko yawu babu.

Babur ɗin ya ci birki a gabansa. Bawa ne, da galan ɗaure a baya.

"Riƙe mazurari, mai na'ura," ya ce. "Tun da kuka wuce raina bai kwanta ba."

Suka kama hanya tare, kafaɗa da kafaɗa. Bawa ya ɗaga murya:

"Tawa tsohuwar mitar ta ce hamsin. Taka fa?"

Ɗantani ya duba. Da ƙyar ya ce, "Ɗari."

Sun shiga Ƙaura ana kiran magariba. Aka yi wa Asiya allura, likita ya ce da sun ƙara jinkiri da labarin ya sha bamban. Ta rayu, sai dai ƙafar ta daɗe tana jinya.

A ƙofar asibitin Ɗantani ya durƙusa ya ɓamɓare maganaɗisu na biyun nan da haƙori, ya miƙa wa yayarsa. Karima ta juya shi a tafin hannu.

"A'a, riƙe abinka," ta ce. "Manna shi a baki, ko ma san gudun da yake yi."

Darasi: Na'ura ba ta san gaskiya ba, abin da ka ba ta shi take maimaita maka. Idan sabon abu ya fara faɗa maka abin da ranka ke so kawai, tsaya ka saurari wanda ke faɗa maka abin da ba ka so. Ku tura wa 'yan uwa masu babur, musamman wanda kuka san bakinsa na da maganaɗisu biyu.