Tsagar Ranau

Tun giwaye na kiwo a inda yanzu ake shuka gero, an yi wani maharbi mai suna Ranau. Ranau gagara dawa, mai kwana inda zaki ke shakkar kwana! Shi ya fara kafa bukka a gindin Dutsen Kurege, mutane suka biyo shi saboda fadamar wurin, mai kanya da ɗorawa da giginya, ga ciyawa ɗanya har bazara. Abu ɗaya ya hana su sakat. Da rani rafin yakan ƙafe ƙaf, mata su yini tonon yashi a kan ruwan da bai cika tulu ba. Shekarar da ƙishirwa ta ci yara da awaki, dattawa suka gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ko a tare ruwa kafin damina, ko kowa ya kama gabansa.

Wurin tarewa biyu ne. Na farko bakin fadamar, ƙasa mai laushi, aiki kaɗan, ruwa ya kwanta iya ganin ido. Na biyu wani kwazazzabo a ƙirjin dutsen, inda sai an yi dakon duwatsu a ka, ruwan kuma iyakarsa sha da shayar da dabbobi.

Wani madugun fatake, Arzika, ya zo da zance mai daɗi. Ya ce in aka yi tafki a fadama, ayarin gishiri da kanwa a nan zai riƙa yada zango, kasuwa ta kafu, ƙauye ya zama birni. Jama'a kuwa suka hau kai suka zauna, kuma wallahi ba a ga laifinsu ba, wanda ya binne ɗa ba ya son jira.

Ranau ya shiga fadamar shi kaɗai, ransa a jagule. Ya dubi itatuwan da za su ruɓe a tsaye, da amyoyin zuma, da saiwoyin magani, ya tuna masuntan gangare da rafin zai yanke musu. Masu ba da labari sun ce wata tsohuwar giwa ta tare masa hanya, ta zuba masa ido, sannan ta juya ta nufi kwazazzabo.

Da ya dawo ya ce, "Fadamar nan ita ta tara mu. In mun nutsar da ita, me za mu kai kasuwar? Dutse za mu ɗauka."

Arzika ya kaɗa jakunansa, gidaje da dama suka bi shi. Waɗanda suka rage suka shiga dako, kawuna suka saɓule, ana yi ana zagin Ranau a ciki. Shi kansa tsoro ya kama shi, don gajimare ya fara taruwa, ga tsaga ta rage a tsakiyar ginin tare ruwan, wadda mutum zai wuce ta ciki.

Ran nan da hantsi hadari ya sauko. Aka ji ruri daga kan dutse, ambaliya ta taho ja wur, da kututture da komai. In ta sami tsagar nan za ta yage ginin duka, garin ya watse. Ranau ya fizgi garkuwarsa ta fatar ɓauna, ya faɗa tsagar, ya tokare ta da kafaɗa.

"Ku jera a bayana! Kada wanda ya dube ni!"

Maza da mata suka yi ta jera dutse suna kuka, har ginin ya kai masa ƙirji. Sai da rana ta karkata ruwan ya lafa. Gini ya tsaya, amma da aka zaro Ranau ƙafarsa ta dama ta niƙe. Bai sake shiga dawa ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Da suka zo cike gurbin da ya bari daga sama, ya hana. Ya ce in tafki ya cika, ta nan rarar za ta gangara, rabon fadama ne da namun daji da masunta.

Garin bai zama birni ba, ayari bai taɓa sauka ba, jikokin Ranau sukan yi tsaki in sun tuna. Amma ba a sake binne yaro don ƙishirwa ba. Tsagar Ranau ake kiran garin, tsagar tana nan daidai faɗin kafaɗunsa, kuma duk gyaran da za a yi wa ginin, ba mai sa mata dutse.