Sarkin Pawa da Bidiyon Jaki

Ana saura kwana ɗaya kasuwa ta ci, hankalin Sarkin Pawa Gambo ya tashi. Wani bidiyo ne ke yawo a wayoyi, an nuna ana yanka jaki, wai a mayankar garinsu. Har samari sun fara cewa gobe za su ƙona rumfunan mahauta. Bawan Allah ko karyawa bai yi ba, gumi kawai yake sharewa.

Ya kira Uwani, 'yar ƙanwarsa, mai aiki a wata ƙungiyar tantance labarai. Ta duba ta ce, "Kawu, wannan tsohon bidiyo ne, daga wata ƙasa ma."

Ya ce, "To bari in tura wa kowa, in rubuta ƙarya ne a ƙasa."

Ta riƙe masa hannu. "Ashe ba ka ji labarin Lantana mai fura ba?"

Ya ce, "Yaya aka yi?"

Ta ce, "An taɓa yi wa Lantana sharri wai tana zuba guba a nono. Ta ɗauki mai shela ya zaga kasuwa yana cewa, 'Masu cewa akwai guba a nonon Lantana ƙarya suke!' Na nesa ba su ji komai ba sai guba da Lantana. Ranar ko ludayi ba ta sayar ba. Ta zo tana kuka, mai shela ya ce, 'Lantana, mun yi irin ta Tanko ne. Tanko ya ga ƙuduji a gonarsa, ciyawar nan mai kashe dawa. Ya tuge ta, ya bi gona-gona yana kaɗa ta don maƙwabta su gane ta, iri na zuba. Da damina ta zagayo, ba gonar da ta tsira.'"

Uwani ta ce, "Kawu, rabin mutanenka ba sa karanta rubutun ƙasa, bidiyon kawai za su kalla. Mu a wurin aiki, muryar wanda aka yarda da shi muke ɗauka, mu saka a zaurukan hira na waya da ƙaryar ta bi. Mu je mayanka da likitan dabbobi, ka yi magana da bakinka."

Gambo ya daɗe yana duban wayarsa. Can ya miƙa mata.

Ya ce, "Na ji, 'yata. Tashi mu yi sauri. Tun da safe na riga na tura wa zauren mahauta."