Ranar da Manya Suka Sha Tsayuwa

Akwai wata mata mai sana'ar hayar kujeru da rumfuna, wadda kowa ke kira Uwar Kujeru. Shekara goma sha tara tana wannan aiki. Ita ce farkon zuwa wurin taro, ita ce ƙarshen tafiya. A tsawon shekarun nan ta lura da abu guda: in kana son sanin wanda ake girmamawa a wuri, ba jawabi za ka saurara ba, jerin kujeru za ka duba.

Ƙungiyar 'yan kasuwar garin ce babbar mai ba ta aiki. Ɗakin da take ajiye kayanta ma a ginin ƙungiyar yake. In suka juya mata baya, a rana ɗaya za ta rasa aiki da wurin ajiya, ga magidanta shida da ke ci a ƙarƙashinta.

Wata shekara ƙungiyar ta shirya taron godiya ga sojojin da ke bakin daga da iyalansu. Aka buga ƙaton ƙyalle mai hoton soja rungume da 'yarsa, aka rataye shi a ƙofar filin. Shugaban ƙungiya da kansa ya kira ta.

“Masu soso guda arba'in a gaba, na roba ɗari biyu a baya,” in ji shi. “Ga takardun sunaye, ki manna wa kowa a kujerarsa. Kada a samu kuskure, Kwamandan bariki zai zo.”

Ta duba sunayen. Layin gaba na waɗanda suka ba da gudummawa ne. Na baya na 'yan ƙungiya. Ta ɗauka akwai takardar iyalan sojoji da za ta biyo baya.

Ranar taro, ƙarfe takwas na safe ta gama jeri. An rubuta ƙarfe goma a katin gayyata, amma ta san manya ba sa zuwa sai rana ta take. Kujeru masu soso kuwa, a kowane taro, sai sun yi awa biyu suna jiran masu su.

Ƙarfe tara wasu mutane suka fara shigowa. Mata da goyo, dattawa, wata mai tsohon ciki, wani mutum da sandar guragu. Sun sa kayansu mafi kyau, an goge su sosai. Uwar Kujeru ta lura da wani abu: kusan kowannensu wayarsa na hannu, ba a jaka ba, ba a aljihu ba. Ko gaisawa za su yi, sai dai su mayar da ita ɗaya hannun.

Masu tsaron ƙofa suka nuna musu bayan igiya, inda 'yan kallo ke tsayawa. Babu rumfa a wurin, babu ko benci.

Tana tsaye kusa da motar kaya tare da ƙaninta, wanda shi ne direbanta, sai wata tsohuwa ta lallaɓo.

“Sannu da aiki, 'yata. Don Allah ko kuna da bulo, ko wani tsohon bokiti? Gwiwar ce ba ta son tsayuwa.”

Uwar Kujeru ta dubi tsohuwar. Ta juya ta dubi kujeru ɗari biyu da arba'in, duka nata, duka babu kowa a kai.

“Inna, ke wace ce a taron nan?”

“Ai ba kowa ba ce. Autana ne a can. Aka ce mu zo za a yi musu addu'a.”

Ƙanin ya sauko da mazaunin da yake ɗorawa a bayan mota ya ba tsohuwar. Yayarsa kuwa ta nufi Shugaba, wanda ke gwada lasifika.

“Ranka ya daɗe, iyalan sojojin fa? Ban ga sunayensu ba.”

“Suna cikin tsari. Za a kira su su fito, a tafa musu, a ɗauki hoto.”

“Kafin a kira su fa, a ina za su zauna?”

Shugaba ya dube ta kamar ta tambaye shi abin da bai shafi taron ba. Shi ba mugun mutum ba ne. Wata uku ya yi yana bin mutane ofis-ofis don a yi taron nan, kuma a lissafinsa wanda ya bayar shi ke zama.

“Malama, aikinki jeri ne. Tsari namu ne. In kina da sauran kujeru ki kai musu.”

Ba ta da saura. Duk abin da ke ɗakin ajiya ta kwaso shi. Ta buga wa abokan sana'a biyu waya, duka kayansu na waje.

Ta koma wurin mota. Rana ta fara zafi. Mai cikin ta jingina da sandar da aka ɗaure igiya, tana fifita da katin gayyata. Uwar Kujeru ta ƙirga mutanen. Talatin da takwas.

Ƙanin ya ga yadda take kallon layin gaba.

“Yaya, na san wannan kallon. Irinsa kika yi ranar da kika kori mai gidan haya da tsintsiya.”

“Kwance igiyar can.”

“Ɗakin ajiyar fa? A tsakar gidanki za mu jibge kujeru ɗari biyu?”

“In ta kama, har da ɗakinka.”

Ya yi tsaki, ya ce shi dai a shaida ya faɗa. Sannan ya je ya kwance igiyar.

Shugaba ya fita bakin titi taryar baƙi. Uwar Kujeru ta kama hannun tsohuwar ta kai ta kujerar tsakiya a layin gaba. Tsohuwar ta tirje.

“'Yata, wannan ai ta manya ce. Kada a ci mana mutunci.”

“Kujerata ce, Inna. Ni na saye ta, ni na ce ki zauna.”

Ɗaya bayan ɗaya ta zaunar da su. Wasu a bakin kujerar suka ɗosana, kamar masu jiran a ce su tashi. Takardun sunayen manya na nan manne a bayansu.

Da Shugaba ya dawo da rukunin farko na baƙi, sai ya tsaya cak. Ya jawo ta gefe, yana magana ƙasa-ƙasa, yana yi wa baƙi murmushi ta saman kanta.

“Kin san abin da kika yi? Ki tashe su yanzu. In ba haka ba, gobe ki kwashe kayanki daga gininmu, kuma kin gama aiki da mu.”

Ta amsa masa kai tsaye.

“Ranka ya daɗe, ni na zaunar da su, ba zan iya tashinsu ba. Ga su nan. Ga lasifika a hannunka.”

Shugaba ya dubi lasifikar. Ya dubi filin, wanda ya riga ya cika, matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ya taka zuwa layin gaba, ya buɗe baki.

Kafin ya yi magana, wani dattijo ya riga shi isa. Mai sayar da ƙarafan gini ne, wanda ya fi kowa ba da gudummawa, mutumin da aka sani da rashin son raini. Ya tsaya a kan tsohuwar, ya karanta sunansa a bayan kujerarta. Tsohuwar ta yunƙura za ta tashi.

“Zauna, Inna. Wa gare ki a can?”

“Autana.”

“Tun yaushe?”

“Wata goma sha huɗu.”

“Yana kira?”

“In sun samu hanya. Wani lokaci minti ɗaya ne, sai ta yanke. Shi ya sa ba na ajiye ta.” Ta nuna masa wayar.

Dattijon ya dubi wayar. Shi ma yana da auta, yana can shago a ƙarƙashin fanka. Ya sa hannu ya ɓalle takardar sunansa, ya ninke ta, ya sa a aljihu. Ya zagaya bayan kujerar ya tsaya, ya harɗe hannuwa.

“Dama likita ya ce na cika zama,” in ji shi.

Wani ya yi dariya. Mai kantin magani ya zo ya cire tasa takardar. Sai mai gidan mai, sai shugabar mata 'yan kasuwa. Ba duka ba ne suka ji daɗi. Mutum biyu sun koma motocinsu sun tafi, ba wanda ya bi su. Sauran suka jeru a tsaye bayan iyalan, da manyan riguna da tsadaddun takalma. 'Yan layin baya suka fara miƙewa suna miƙa musu kujerun roba, dattijon ya ɗaga hannu ya ce a bar su.

Ana cikin haka Kwamanda ya iso da sojoji goma sha biyu. Shugaba ya tare shi, zai kai shi mazauninsa. Kwamandan ya dubi layin gaba, sai ya rage tafiya. Ya san fuskokin. Wasu shi ya taɓa zuwa gidajensu da labarin da ba a son kaiwa.

Ya ba da umarni a taƙaice. Sojojin suka ƙame a gaban matan da dattawan, suka sara musu.

Mai sandar guragu, wanda ashe tsohon soja ne, ya dafa kujera ya miƙe ya mayar da gaisuwar. Daga nan tafi ya ɓarke. Mutane suka miƙe har bayan fili, har masu leƙe ta kan katanga. Tsohuwar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza, mai cikin ta riƙe ta.

Da aka ba Kwamanda lasifika, bai karanta takardar da ya zo da ita ba.

“Na je taro irin wannan ya fi ashirin,” in ji shi. “Kullum sai na leƙa baya nake ganin iyayen yarana. Yau na same su a gaba, masu gari na tsaye a bayansu. Wannan hoton zan aika wa waɗanda ke can. Zai fi musu duk abin da zan faɗa. Shugaba, mun gode da wannan tsari.”

Aka sake tafi. Shugaba ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙirji, ya karɓi godiyar.

“Ji shi,” in ji ƙanin a kunnen yayarsa. “Kamar shi ya kwance igiyar.”

“Rufe mana baki.”

Awa uku aka yi ana taro, manya na tsaye. Kafin a tashi, mai kantin magani ya karɓi lambar mai cikin, ya ce ranar haihuwa a kira shi ko da wane lokaci ne. Dattijon ya kai tsohuwar gida a motarsa, ita a gidan gaba.

Bayan la'asar, fili ya watse. Uwar Kujeru da mutanenta na loda kaya, sai ga Shugaba yana tahowa yana ɗingishi, takalmansa a hannu. Ta ajiye kujerar da take ɗauke da ita. Ta riga ta fara tunanin inda za ta kai kaya gobe.

Ya jawo kujerar roba ɗaya ya zube a kai. Ya daɗe yana matsa ƙafarsa.

“Kin kusa kashe ni yau,” in ji shi.

“Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe.”

“Ba haƙuri na zo karɓa ba. Wata uku ina shirya taron mutane, ban tanadar musu wurin zama ba. Ban ma lura ba sai da kika sa ni a gaba.” Ya numfasa. “Kwamiti ya ce duk shekara za a riƙa yi. Masu soso nawa gare ki?”

“Arba'in.”

“Ki nemo tamanin. Iyalan a layin farko, mu a na biyu. Ba zan sake tsayuwar awa uku ba.”

“Ɗakin ajiyar ba zai ɗauki tamanin ba.”

Ya dube ta, ya girgiza kai.

“Na kusa da shi babu kowa. Ki zo gobe ki karɓi mabuɗi.”

Darasi: Godiya ga soja ba ta ƙarewa a kan ƙyalle da jawabi. Yana can ne domin mu kwana lafiya, kuma ya bar uwa, mata da 'ya'ya a tsakaninmu. Ka duba unguwarku, ka san gidansu, ka gaishe su, ka ba su wuri a layi, a mota da wurin taro, ka tsaya musu tun ba su roƙa ba. In labarin nan ya taɓa ka, ka tura wa wasu, musamman masu shirya taro.