Buhunan Wake da Jan Zare

Akwai wani mutum, manomin wake, wanda yakan aika da amfanin gonarsa birni kowace kaka. Ba shi yake kaiwa ba. 'Yan dako su ɗauka daga gidansa zuwa sito a tasha, buhuna su jira mota, direba ya kwasa, can kuma dillali ya karɓa ya sayar. Direban nan wani dattijo ne, Habila, shekararsa ashirin yana jigilar kayan garin.

Wata shekara dillali ya aiko cewa buhunan suna isowa a saɓule, kamar cikin wanda ya yi zazzaɓi. Manomin ya san da hannunsa ya cika su, har ya hau ya tattake. Ya zauna yana lissafa mutane a ransa. 'Yan dako a gabansa suke ɗauka. Sito da kwaɗo yake. Wa ke kaɗaita da kaya tsawon yini guda a hanya? Habila.

Manomin ya sayo jan zare, ya ɗinke bakin kowane buhu da basilla, irin ɗinkin da shi kaɗai ya iya. Kaya suka tafi. Amsa ta dawo: jan zare yana nan yadda yake, buhu kuwa ya faɗa.

Tun daga ranar, in Habila ya gaishe shi, takalmansa yake kallo, ko sababbi ne. In ya ga matar Habila ta dafa alala, sai ya ce a ransa, wakena ke nan. Ya yi niyya zai bi motar da kansa, ya kama tsohon, ya tona shi a tsakiyar tasha, yadda ko kaza ba wanda zai ƙara ba shi ya ɗauka.

Ranar tafiya ya shige gaba ya zauna kusa da direba. Habila ya ce, “Maigida, yau da kai za mu? Madalla, na sami abokin hira.” Ya ce, “Ba hira ta kawo ni ba.” Idonsa bai bar hannun tsohon ba. Aka tsaya cin abinci, ya bi shi. Habila ya zagaya bayan kuka, manomin ya tsaya daga nesa yana gadinsa. Buhunan kuwa suna can baya, bai waiwaye su ko sau ɗaya ba.

Da la'asar suka isa, aka sauke. Dillali ya daki buhu da tafin hannu, ya ce, “Ka ji ko? Ya faɗa.”

Manomin ya cafki wuyan rigar Habila, ya ɗaga murya. “Ɓarawo! Da asiri kake kwashewa? Jama'a, ku zo ku ga ɓarawon wake!” Mutane suka taru.

Habila bai ƙwace ba. Ya ce, “Sake ni tukuna. Kai baki ka ɗinke. Juya gindin buhun.”

Aka juya. Ga ƙananan huji, an murje su da farce sun kusa rufewa, irin wanda akan yi da bututun ƙarfe mai tsini, wanda masu sayen hatsi ke sokawa don su ga iri. Habila ya dinga nunawa da yatsa. “Wannan na 'yan dako ne, sun ce na ƙarfinsu. Wannan na mai gadin sito. Waɗannan biyu na masu shinge a hanya, kana zaune kana kallona suka soka. Wannan kuwa,” ya dubi dillali, dillali ya dubi sama. “Cikin tafi ɗaya ɗaya kowa ke ɗiba. Je ka tambaye su, ba wanda zai ce ya taɓa sata.”

Manomin ya ce, “Duk sai na kai su gaban hukuma, ɗaya bayan ɗaya!”

Habila ya jawo wani buhu, na wata gwauruwa ta garinsu mai marayu uku, ya juya shi. “To fara da mai wannan hujin. Da safe na hango shi ta madubi, kafin mu tashi.”

Nan take manomin ya ji aljihunsa ya yi nauyi. Shi ne ya ari bututu a sito, ya soka buhun matar, wai ya gani ko nata ya fi nasa kyau, ya zuba a aljihu. Ko tunawa bai yi ba, domin haka yake yi kowace kaka.

Ya ce, “Baba Habila, ka yafe mini.” Tsohon ya ce, “Na yafe.” Amma rabin taron sun riga sun watse tun daga kalmar farko, ba su tsaya sun ga an juya buhu ba. Kafin mota ta koma gida, labari ya riga ta isa. Shekarar nan mutum uku suka kai kayansu wata mota.

To, ku buɗe kunne, ga ma'anar misalin nan. Buhun shi ne amanar da ta bi ta hannunku: aike, ajiya, kayan wani da aka ce ku kai. Bututun shi ne “ai ɗan kaɗan ne.” Dokar Allah ba ta da mudu, ba ta ce daga tiya sata take farawa ba. Ke da aka aike ki da ƙosai kika gutsure ɗaya, kai da kake tsiyayar man motar maigidanka, hujinku yana nan, Ubangiji kuwa ta gindi yake duba buhu. Jan zaren shi ne ibadar ranar Lahadi: ɗinki mai kyau a baki, ƙasa tana yoyo.

Kuma kafin ka kama wuyan rigar ɗan'uwanka, sa hannu a aljihunka tukuna. Waken gwauruwa ana iya mayar mata har da ƙari. Sunan mutum in ka zubar da shi a tasha, ko kwana bakwai za ka yi a durƙushe, ba za ka tsince shi duka ba.