Tunau Mai Binne Rijiyoyi

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Inna.

A zamanin da, tun kafin a yi wa garuruwa ganuwa, an yi wata ƙungiyar mahara. Shugabansu Korau ne. Al'adarsu ita ce duk garin da suka ci sai su binne rijiyarsa, don kada masu bin sawunsu su sami ruwan sha. Wani ƙato mai suna Tunau, shi ke wannan aiki.

Sai suka fita hari da bazara. Suka ci gari na farko, suka kora shanu. Tunau ya nufi rijiya, sai wata tsohuwa ta tare shi.

Ta ce, "Ɗana, kun kwashe shanu, ku bar mana ruwa."

Ya ce, "Kauce, Iya, ni aiko ni aka yi." Ya cika rijiyar da duwatsu.

A gari na biyu wani makaho ya riƙe masa ƙafa. Ya ce, "Samari, kakana ya haƙa rijiyar nan." Tunau ya fizge ƙafarsa, ya binne rijiyar.

A gari na uku bai tarar da mai roƙonsa ba, duk an kashe su. Ya tsaya, ya ce wa Korau, "Maigida, wa zai bi mu a nan? Mu bar wannan rijiyar."

Korau ya yi dariya ya ce, "Tausayi ya kama ka? To je ka ɗaura zane."

Sai Tunau ya ji kunya, ya binne ta.

Suka yi gaba, sai suka tarar da garin maharba. Kibau suka yi ta zubo musu. Suka juyo da gudu, ba hanya sai wadda suka biyo. Rana ta take, gorunansu suka ƙafe. Suka wuce rijiya ta uku, suka wuce ta biyu, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Da suka iso ta farko, Korau da Tunau kaɗai suka rage.

Korau ya ce da ƙyar, "Tono ta."

Tunau ya durƙusa yana cire duwatsu har farcensa ya zube. Ya ɗago ya ce, "Maigida, ba za ta tonu ba. Na iya aikina."

Nan ungulaye suka same su.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Duk zafin faɗa, yara, kada ku taɓa ruwan shan mutane.