Cima da Ƙwaryar Iri

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun ba ta hanya.

Wannan tatsuniyar na daɗe da saninta, amma ban iya ba da ita yadda ya kamata ba sai da na fita takaba. To ku saurara.

A wani gari can an yi wata mata ana ce mata Cima. Mijinta Nomau manomi ne. Yana da wani irin gero da ya gada wurin ubansa, gajere, mai saurin nuna, babu mai irinsa a duk ƙasar. Kowace shekara binne Nomau yake yi, wato ya shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan farko ya tarar da shi a ciki. Shi ne a gaba da sungumi yana sara, Cima tana bayansa tana jefa iri tana rufewa da dunduniya. Shekara goma sha tara suna haka. Ba ta taɓa tambayarsa yadda yake zaɓen rana ba. Ita dai takan ga ya tashi da safe ya ce, "Ɗauko ƙwarya." Sai ta ɗauko.

Sai wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, amfani bai yi kyau ba. Ana gama girbi zazzaɓi ya kama Nomau, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Ya bar Cima da tsohuwarsa Iya, da rumbun da bai kai rabi ba. Suka ci, suka ci, har bazara ta shigo. Abin da ya rage na irin nan ƙwarya ɗaya ce tak. Cima ta rufe ta da faifai ta ɗaure da tsumma.

To ga inda damuwar take. In ta binne da wuri, aka yi ɗan yayyafi ya jiƙa irin ya tsira, sannan ruwa ya ɗauke, rana za ta ƙone shi. In kuma ta jira har ruwa ya zauna, daminar garin gajera ce, za ta wuce gero bai yi ido ba. Ko wanne ya faru, ita da Iya sun shiga yunwa, irin Nomau kuma ya ƙare a duniya. Sai Cima ta ce a ranta, tunda marigayi ya san ranar ruwa, ai ba za a rasa wani da ya sani ba. Sai ta yafa mayafi ta fita nema.

Ta fara zuwa gindin tsamiyar bakin kasuwa, inda Shamuwa ta sauka kwana biyu da suka wuce tana gyaran sheƙa. Ta yi mata sannu da hanya. Shamuwa ta ajiye tsinken da ke bakinta, ta yi mata ta'aziyya, ta ce ta san Nomau, shi ne ba ya bari a jefe ta. Sai Cima ta tambaye ta ranar ruwa.

Shamuwa ta ce daga kudu take, kuma ruwa ta baro a bayanta yana tafe. Ta ga koguna sun kawo, ta ga fara ta ƙyanƙyashe a sabuwar ciyawa. Tsakanin kwana goma da ashirin zai iso.

Cima ta ce, "Goma ko ashirin?"

Shamuwa ta ce, "Matar Nomau, gabansa nake tafiya, ba a aljihuna yake ba. Abin da idona ya gani na gaya miki. Je ki wurin Tururuwa, ta fi ni kusa da ƙasa."

Sai Cima ta tafi bayan gari, ta durƙusa a bakin ramin Tururuwa ta yi sallama. Uwar tururuwa ta leƙo, ta ce da farko dai kada Cima ta faɗi inda gonarta take, don ita ba ta yarda da 'ya'yanta a kan ƙwayar gero ba. Cima ta yi murmushi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Sai ta tambaye ta ranar ruwa.

Tururuwa ta ce ita takan ji shi a jikin bangon raminta. In iska ta yi nauyi, ƙasa ta fara gumi, sai ta sa a kwashe ƙwai a kai tudu, washegari kuwa sai ruwa. Ba ta cika kuskure ba, amma saninta kwana ɗaya ne. Cima ta tambaye ta ko takan gane ruwan da zai zauna da wanda zai yi yayyafi ya gudu.

Tururuwa ta ce, "Wannan kam sai ya sauka nake sani, kamar kowa. Je ki wurin Malam Tanimu mai awo. Shi ya daɗe yana ƙirga."

Malam Tanimu dattijo ne da ya yi karatun zamani mai zurfi. A tsakar gidansa akwai wani gwangwani a kan sanda wanda yake tarar ruwan sama, da kwalba mai zane-zane da yake auna shi, da wani ƙarfe mai juyawa da yake nuna inda iska ta fito. Ni karatuna bai yi nisa ba, ban san sunayensu ba. Shekara arba'in duk ruwan da ya sauka a garin sai ya auna ya rubuta. Mutane suna masa dariya, suna cewa yana awon abin da ba zai sayar ba.

Ya shimfiɗa wa Cima tabarma, ya ɗauko littattafansa, ya yi ta buɗawa yana bin layi da yatsa. Sai ya ce in iska ta juya kamar yadda ta juya makon nan, a cikin shekara goma, bakwai ruwan shuka yakan sauka kafin mako biyu. Ya ce abin da ya fi kashe binne shi ne yayyafin farko. Ya kai ta bayan ɗaki, ya zuba ruwa kaɗan a yashi, ya tona ya nuna mata iyakar inda danshi ya tsaya. Ya ce ta sa irin a ƙasa da nan, zurfin yatsu uku a kwance, yadda yayyafi ba zai tashe shi ba, sai ruwan gaske. Kada kuma ta zarce, don in ya yi nisa ba zai iya huda ƙasa ba.

Cima ta ce, "Malam, ka ce bakwai cikin goma. Bana fa, cikin bakwai ɗin take ko cikin ukun?"

Malam Tanimu ya rufe littafin. Ya ce, "Baiwar Allah, nan awona ya tsaya. In na ƙara miki ko kalma ɗaya, ƙarya ce."

Sai Cima ta yi godiya ta kama hanyar gida, zuciyarta ba daɗi. Ta je wurin masani uku, kowa ya kai ta bakin rafi ya tsaya.

Tana cikin tafiya sai ta ji an ce, "Sannu da wahala, Cima." Ta duba, sai ga Kurege zaune a gindin kalgo, ya share yashi a gabansa yana zane da farce. Ya ce ya ga yawon da take yi tun safe, kuma ya tausaya mata. Shamuwa 'yar yawo ce, Tururuwa ba ta taɓa ganin sama da kyau ba, shi kuwa mai gwangwani shekara arba'in yana ƙirgar ruwan da ya riga ya wuce. Shi Kurege ba ya awo, buɗe masa ake yi. Ya shafa yashin, ya lumshe ido, ya ce ranar Laraba da hantsi ruwa zai sauka, kuma daga nan ba zai ɗauke ba. Ya ce ta yi shuka ranar Talata, sama-sama, kada ta danne irin, don ya ji tsawa ya farka. Ba ya son komai a wurinta. Sai dai ta gaya masa wace gona ce, don ya riƙa zagayawa yana yi mata addu'a.

Cima ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka. Ta gaya masa gonar tudu ce ta kusa da gawo. Ta iso gida da sauri, ta tarar da Iya tana kaɗi a inuwa. Ta ce mata an dace, ta sami wanda ya san ranar ruwa kamar yadda marigayi ya sani.

Iya ta ajiye mazari. Ta tambaya ko wane ne, Cima ta faɗa. Iya ta yi dariya har ta yi tari, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin kurege ya yi noma ba, amma ba ta taɓa ganinsa da rama ba. Sannan dariyar ta tsaya, ta dubi Cima.

Ta ce, "'Yar nan, wa ya gaya miki ya sani?"

Cima ta ce ai shekara goma sha tara bai taɓa shakka ba.

Iya ta ce a gaban Cima ne bai taɓa shakka ba. Kowace bazara yakan je ya kalli shamuwa, ya tona ramin tururuwa, ya zauna wurin Tanimu har rana ta take. Ya tara duk abin da zai iya tarawa. Ranar da zai yi binne kuwa, ɗakin Iya yake fara shiga da sassafe, ya zauna, kokon da ta ba shi ma ba ya iya sha. Sai ya ce, "Iya, na yi iyakar nawa, ki sa mini albarka." Sau biyu kafin a auro Cima binnensa ya ƙone ƙurmus, sai da ya koma ga ɗan abin da ya ɓoye. Bai so Cima ta ɗauki tsoron tare da shi ba, shi ya sa yake fitowa ya ce ɗauko ƙwarya kamar wanda aka gaya wa.

Cima ta zauna a ƙasa ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da shi. Da ta share ido sai ta ce Allah ya jiƙansa, ya ɗauke mata kaya shekara goma sha tara ba ta ko sani ba.

Ba ta jira Talata ba, ba ta kuma je gonar tudu ba. Ranar Lahadi ta saɓa sungumin Nomau ta nufi ƙaramar gonar da ke bayan gida. Ta auna yatsu uku a ramin farko, ta yi bisimilla. Ita ce a gaba tana sara, Iya tana bayanta da sanda a hannu ɗaya tana jefa iri. Da ƙwarya ta ƙare suka ɗaga hannu, Cima ta ce, "Ya Allah, abin da bayinka suka sani mun yi aiki da shi. Saura naka." Kurege kuwa ya yi kwana uku yana tonon gonar tudu, bai sami ko ƙwaya ba.

Laraba ta zo ta wuce, sama fes. Ranar Juma'a aka yi yayyafi, wanda bai fi ya kwantar da ƙura ba. Cima ta ruga gona, ta tona rami ɗaya. Danshi ya tsaya yatsa guda a saman irin, irin yana kwance a bushe. Ta mayar da ƙasa ta rufe.

Sai ruwa ya ɗauke. Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana tara. Mako biyun da Malam Tanimu ya ambata suka cika, babu ko gajimare. Cima ba ta da sauran wanda za ta tambaya. Takan yi sallarta, ta fita ta dubi gabas, ta dawo ta dama wa Iya ɗan abin da ya samu. Rana ta goma sha ɗaya ta ga tururuwa sun yi layi da farin ƙwai a baki suna hawa tudu. Washegari da la'asar gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Bayan kwana huɗu gona ta yi kore. Ba duka ya fito ba, wajen kashi ɗaya cikin uku ya mutu a ƙasa. Amma abin da ya fito ya yi zangarniya, ya ishe su ci, ya bar iri ƙwarya biyar.

Da aka yi girbi Cima ta bi masu taimakonta da godiya. Shamuwa tana shirin komawa kudu, ta ce ita labari kawai ta kawo, amma ta ji daɗi. Tururuwa ta karɓi tafin gero ba musu. Sai Cima ta ɗauki dami guda ta kai wa Malam Tanimu, ta ce yatsunsa uku ne suka tsare mata irin mijinta.

Ya ce ya gode, amma ta tuna ruwan ya wuce lissafinsa da kwanaki, bana cikin ukun nan ta faɗa. Ya rubuta hakan, don na baya su fi shi sani. Sannan ya tambaye ta yadda ta yi da kwanakin jira.

Cima ta ce, "Yadda ka yi, Malam. Na yi ta kallon sama. Sai dai kai kana awo, ni ina roƙo."

Malam Tanimu ya yi murmushi ya ce, "Wa ya gaya miki ni ba na roƙo?"

To kun ji. Ilimi fitila ce, ku riƙe ta, ku gode wa wanda ya kunna muku. Masanin ƙwarai zai haska muku har inda haskensa ya kai, ya ce nan na tsaya. Wanda ya ce shi haskensa ba shi da iyaka, ku duba bakinsa, za ku ga dusar gero. Daga inda sani ya ƙare kuwa, ba a zama, ana yin bisimilla ne a ɗaga sungumi.

Ƙurunƙus kan kurege, ta tafi ta bar mu da godiya.